Hannun da ya ci gaba da zafi bayan ɗori: jawabi a ranar bikin ƙungiya

Uwar ƙungiya, iyayenmu, 'yan'uwa na Gwandu da na Kalgo, sannunku da zuwa.

An ce mu faɗi abin da munka koya a shekarun nan. Da izinin 'yar'uwarmu mai ƙuli-ƙuli, kan hannunta za mu yi magana.

Shekara uku ke nan da ta faɗo daga kabu-kabu ranar kasuwa, wuyan hannunta na dama ya karye. Anka yi ɗori, ƙashi ya haɗe. Amma hannu ya kumbura, yana zafi kamar an tura shi cikin garwashi. Yau ya ɗau ɗumi, gobe ya yi sanyi ƙalau, fata ta canza launi. Ko bakin zane ya taɓa shi sai ta yi ihu. Wasu sunka ce sammu ne, wasu sunka ce iska. Wata huɗu tana rungume da hannu a ƙirji. Suya ta tsaya, zubin adashi ya gagara.

Daga baya munka haɗa kuɗin mota zuwa asibiti a Birnin Kebbi, gabanmu na faɗuwa kada a ce tiyata. Likita ya ce ciwo ne sananne, ya rubuta mana sunansa, CRPS. Jijiyoyi ne ke ci gaba da kai saƙon zafi bayan rauni ya warke. Ya fi kama mata, sau da yawa bayan karayar wuyan hannu, kuma barin hannu ba motsi yana ƙara shi. Tun 1864 likitoci a Amurka sunka bayyana irinsa a jikin sojojin da harsashi ya taɓa wa jijiya.

Ba a yi tiyata ba. Anka ba ta maganin rage zafi, anka tura ta wurin masu gashin ƙashi. Sunka koya mata shafa auduga a hannun, sannan tawul, sannan cusa shi cikin ƙwaryar gero, har fata ta saba da taɓawa. Akwai kuma aikin madubi: ta ɓoye mai ciwon a bayansa, ta motsa mai lafiya tana kallo kamar shi ne.

Mu da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci munka riƙa rubuta komai a littafi. Wata uku, ta riƙe cokali. Wata takwas, ta ɗaura zane da kanta. Bayan shekara ta koma murza ƙuli-ƙuli. Amma har yau yatsu biyu ba sa lanƙwashewa sosai, ba ta iya ɗaga jarkar mai, in hunturu ya kama kuma zafin yakan dawo.

Likita bai ɓoye mana ba: da yawa suna samun sauƙi cikin shekarar farko, wasu kuwa su yi shekaru da shi, kuma fara motsa hannu da wuri yana taimakawa. Wata huɗun nan da munka zauna muna ta “sannu, Allah ya sawwaƙe”, har yanzu yana damunmu.

Don haka muna roƙo a ƙara naira 100 kan kowane zubi, a ware ta asusun kuɗin motar asibiti. Wadda duk anka yi wa ɗori, ita ko ɗiyarta, in zafi ya ƙi sauka ko kumburi ya ƙi saɓewa, ta faɗa wa ma'aji a makon nan, mu raka ta.

Allah ya bar mu da hannuwanmu.