Yadda Na Dawo Da Saƙonnina Bayan Wayata Ta Faɗa Rijiya

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga Dalijan da Malisa da cikin garin Gwandu, da baƙinmu na Kalgo, sannunku da hanya. An ce in yi magana a kan saƙonnin waya, yadda ake ajiye su da yadda ake dawo da su idan waya ta salwanta. Ni ba malamar kwamfuta ba ce. Sakatariyar ƙungiyarmu ce a nan Kambaza, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Abin da zan faɗa muku a jikina na koye shi, har da hawaye.

Kun tuna farkon shekarar 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuyar gani. Mu dai tsarinmu kun san shi: akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, kowa ta yi zubinta a gaban jama'a, a buga mata hatimi a littafinta. Tsarin nan ƙungiyar CARE ta faro shi a yankin Maraɗi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tun kafin wayar hannu ta shigo ƙauyukanmu. To da kuɗi suka ɓace daga hannu, sai muka yarda duk wadda ba ta samu tsaba ba a turo ta asusuna na banki, ni kuma in rubuta a littafi ranar zama.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu, sa'ar mahaifiyata ce, Inna nake ce mata. Ta ci bashin naira 20,000 ta sayi tunkiya. Ranar da muka zauna lissafi kafin rabo, na buɗe littafi na ce Inna ba ta biya ba. Sai ta ɗago kai ta ce, "Mi kinka ce, ɗiyata? Yaron nan ya turo kuɗɗin tun da azumi. Ni ban cin haƙƙin mutane." Wuri ya yi tsit. Ko dai tsohuwa ta yi ƙarya, ko sakatariya ta ci kuɗi, babu na uku. Kuma wayar da za ta raba gardamar, wata guda ke nan tana ƙasan rijiyar gidanmu. Na sunkuya jawo guga, ta zame daga ɗaurin zane, har da layin a ciki.

Na hau mota na tafi Birnin Kebbi, na karɓo takardar shige da ficen asusuna. Ba ta raba mu ba. A watan nan sau uku naira 20,000 ta shigo, dukansu da sunan masu POS, domin ɗan Inna a kudu yake ci-rani, ta hannun mai POS ya turo. Shi kuma rasit ɗin ya jefar tuni. Ko da bai jefar ba, kun san takardar nan, 'yan watanni kaɗan rubutun ya goge. Abu ɗaya ya tsaya a kai: ya ce ranar da ya turo ya aiko mini da tes, ya rubuta na bashin Inna ne.

Ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda ke nan Kalgo, ita ta ce mini, "Mama, ai ranar da kika sayi wayar nan na kunna miki ajiya. Saƙonninki suna rumbun Google." Ban gane ba sai da ta yi mini bayani. Turawa gajimare suke ce wa abin, amma ba a sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne na kamfani a wasu ƙasashe. Idan an kunna ajiya, babbar waya, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, takan kwafi saƙonnin tes da lambobin mutane da jerin kira ta aika can ta intanet. Kamar ki raba hatsinki ne, wani a ɗaka wani a rumbu. Ko ɗaki ya ƙone, na rumbu yana nan. Google na ba kowane asusu gurbin gigabait 15 kyauta, saƙonnin tes kuwa ba su da nauyi, hotuna da bidiyo ne ke cika wuri.

Amma shi ma rumbun nan kwaɗo uku gare shi, kamar akwatinmu. Akwai adireshin Gmail ɗin da ke kan tsohuwar waya, akwai kalmar sirrinsa, sannan akwai lambar ko zanen da kike buɗe fuskar tsohuwar wayar da shi. Na ukun nan shi mutane ba su sani ba. Da shi ake kulle ajiyar, in kin manta shi saƙonnin ba za su buɗu ba. Ni Allah Ya taimake ni ɗiyata ta rubuta biyun farko a bayan littafinta, na ukun kuma yatsana bai manta ba.

Sai da muka fara dawo da layina. Muka je ofishin kamfanin layin da lambar NIN ɗina, aka ba ni sabon sim mai tsohuwar lambata. Wannan ya zama dole, saboda Google yakan turo lambar tantancewa ta layin kafin ya yarda ke ce. Ku lura fa, dawo da layi ba ya dawo da saƙonni. Lambarki kawai yake dawo miki da ita.

Daga nan na sayi waya, a nan kuma na tafka kuskuren da nake so ku guje wa. Yaron shagon, don ya kyauta mini, ya kunna ta, ya buɗe mini sabon Gmail, ya zuba mini waƙoƙi da wa'azi, ya miƙo mini. Na zo gida ina murna. Ɗiyata ta duba ta dafe kai. Ashe saƙonnin tes ba sa dawowa sai a kunnawar farko, lokacin da waya ke tambaya ko za a kwafo kaya daga tsohuwar waya ko daga ajiya. In an tsallake wurin nan, sai an wanke wayar tas ta koma kamar daga kwali, duk abin da aka zuba mata ya tafi. Haka muka yi. Muka wanke, muka kunna, ta jona mini intanet daga wayarta, muka sa tsohon Gmail da kalmar sirri, sai ga sunan tsohuwar wayata ya fito da ranar ajiyarta ta ƙarshe. Muka zaɓa, na zana zanena, muka ajiye ta a caji. Kafin a kira la'asar saƙonni sun shigo.

Na yi ta ja ƙasa hannuna na rawa. Sai ga alat na naira 20,000, ga kuma tes ɗin yaron a rana ɗaya, minti kaɗan tsakani: na bashin Inna ne. Jama'a, tsohuwa gaskiya ta faɗa. Ni ce kuɗi suka shigo mini ana hidimar buɗa-baki, na ce sai ranar zama in rubuta, na manta, suka cakuɗe da kuɗin man gyaɗata. Ranar zama na karanta saƙon da bakina a gaban kowa, na zuba kuɗin a akwati, na durƙusa na ba Inna haƙuri. Ta ce, "Tashi ɗiyata, ya wuce." Amma wallahi na fi mako ina jin nauyin haɗa ido da ita.

Da na ƙara jinkiri kaɗan, da ban samu komai ba. Ƙa'idar Google ita ce, wayar da ta yi kwana 57 ba a yi amfani da ita ba, ana share ajiyarta. Ni sai da na kusa kwana arba'in kafin in haɗa kuɗin sabuwa. Saboda haka wadda wayarta ta ɓace alhali akwai lissafin ƙungiya a ciki, kar ta ce sai bayan kaka. Ko wayar ɗanta ce ko ta mijinta, in sun yarda a wanke bayan an kwashe nasu kayan, a dawo da saƙonnin a kai a kwafe abin da ake buƙata. A kuma kula kar wayar ta fi waccan tsufa sosai, don ajiyar sabon Android ba ta sauka a kan tsoho.

Kuma ba duka na samu ba. Ajiyata ta ƙarshe ta riga faɗuwar wayar da kwana tara, duk abin da ya shigo a kwanakin nan ya tafi. Dalili, wayar ta fi son yin ajiya da kanta idan tana caji, an bar ta ta huta, kuma tana kan Wi-Fi. Mu nan wa ke da Wi-Fi? Sai dai ki shiga saitin, wurin mai hoton haƙoran inji, ki taɓa Google, ki nemi inda aka rubuta Backup, ki kunna, ki kuma ba ta izinin amfani da datar layinki. A nan akwai maɓallin da za ki danna ta yi ajiya nan take. Ni yanzu duk ranar zama, da an rufe akwati, sai na danna shi kafin in tashi daga tabarma.

Wata ta tambaye ni a waje, saƙon da ta goge da hannunta fa? In ajiya ta sake gudana bayan gogewar, sabuwa ta hau kan tsohuwa, ya tafi. Sai dai ki fara duba wurin da waya ke ɓoye saƙonni da wurin saƙonnin banza, wani lokaci can yake ba gogewa aka yi ba. WhatsApp kuma ajiyarsa daban take, a cikin nasa saitin ake kunna ta, kuma ba ya dawowa sai da lambar nan da Gmail ɗin nan. Masu ƙananan wayoyi na dannawa, ku babu rumbu a taku. Duk alat ɗin da ya shafi ƙungiya, a kwafe ranar da adadin da sunan da ya fito a littafi, a ranar ba gobe ba.

Sai maganar sirri, wadda ta fi damuna. Kar ki miƙa wa mai caji ko mai gyara wayarki tare da kalmar sirri. Saƙonninki na nuna abin da ke asusunki, ta nan kuma banki ke turo lambar tabbatar da cire kuɗi. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake ko daga Google, ki karanto masa lambar da ta shigo, ɓarawo ne, ki kashe. Ki rubuta Gmail ɗinki da kalmar sirrin a takarda, ki adana inda kike adana katin zaɓe da takardar NIN, ba a bayan kwanson waya ba. Shi ma alat ɗin kar a yarda da shi ido rufe, akwai na bogi. Sai kin duba asusu kin ga kuɗin sun ƙaru sannan ki buga hatimi.

A ƙungiyarmu yanzu mun sa doka: duk wanda zai turo kuɗi daga nesa, ya aiko da tes mai sunan 'yar ƙungiyar ga mutum biyu, ni da ma'aji, kuma a karanta shi a zama na gaba kafin a buɗe akwati.

To, masu manyan wayoyi ku fito da su. Ku zauna bibbiyu, wadda ta iya karatun boko kusa da wadda ba ta iya ba. Wadda ba ta san Gmail ɗinta ba ta ɗaga hannu, da ita za mu fara.