Karatun manya a rediyo: Daga ina kalmar "dentist" ta fito?

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban karatun manya na Filinge da sauran garuruwan Kurfai. Ku ɗauko allo da alli. Yau kalma guda za mu koya.

Da Ingilishi ana ce wa likitan haƙori "dentist". Amma kalmar aro ce. Mutanen Ingila sun ɗauko ta daga Faransanci, inda ake rubuta "dentiste", a faɗa dantist.

Mu raba ta biyu. Gaɓar farko, "dent", ita ce haƙori, ko haure kamar yadda muke cewa a nan. Asalinta "dens" ne, daga Latin, tsohon harshen mutanen Roma. Gaɓa ta biyu, "iste", tana nuna mai sana'a. Mu ma muna da irin wannan: ƙira, maƙeri, noma, manomi, ɗinki, maɗinki. Mu a gaba muke sa alamar, su a baya.

A da, a ƙasar Turai ma wanzamai ne suke cire haƙora, suna aski, suna tsaga, kamar namu. A 1728 wani likitan Faransa, Pierre Fauchard, ya wallafa babban littafi a kan ciwon haƙora da maganinsu, da wannan kalma a cikin sunan littafin. A 1745 aka raba ƙungiyar wanzamai da ta likitocin fiɗa a birnin Landan. Bayan haka ne kalmar ta kama a Ingilishi. Kafin nan "mai cire haƙori" suke cewa. Sabon suna ya zo da sabon aiki: duba haƙori, wanke shi, cike raminsa, ba cirewa kaɗai ba.

To, ina amfanin wannan gare mu? Wanda ya iya karanta kalmar ba zai ɓata ba a asibitin Yamai, zai gane ƙofar da idonsa. Kuma haƙorin da aka kai da wuri sau da yawa ana iya cetonsa. In kunci ya kumbura, ko dasashin yaro ya yi miki yana wari, kada a jira. A tafi gidan likita ran nan. Awartakin da ba a dafa ba yana ɗaukar cuta daga baki zuwa baki.

Aikin gida: kowa ya rubuta "haƙori" da "dentiste" sau biyar, ya nuna wa malaminsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.