Lamba a Hannu, Labari a Kundi: Bin Sawun Sojojin Ailan na Yaƙin Duniya na Ɗaya



An ɗora mini magana a kan sojojin ƙasar Ailan da suka sami lambobin jarumta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yadda masu bincike ke tono labarinsu daga kundin da kowace bataliya ta riƙa rubutawa a fagen fama. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, ina ruwan biri da gada. Ku ɗan yi mini haƙuri, hanyar za ta ratsa ta ƙofar gidanmu kafin mu tashi.

Irin wannan bincike yakan fara ne daga wata 'yar lamba ta azurfa da jika ya tsinta a ƙasan akwatin kakarsa, a Cork ko a Belfast. Mu ce Military Medal ce, wadda aka ƙirƙiro a watan Maris na 1916 domin ƙananan sojoji. Idan ya karkata ta ya dubi bakinta, zai ga an buga lambar sojan da muƙaminsa da sunansa da bataliyarsa da ƙananan haruffa. A bayanta akwai 'yan kalmomi da ke cewa an bayar da ita saboda jarumta a fagen fama. Iyakarta ke nan. Ba rana, ba wuri, ba bayanin abin da mutumin ya yi. Fiye da 115,000 aka raba a yaƙin, kuma jaridar gwamnati, London Gazette, sunaye kawai ta jera. Wanda ya tsinci Military Cross ta hafsoshi ma ya fi shi shiga uku, domin ita ko suna ba a buga mata ba.

A wata ƙasar sai a ce ya je ya tambayi dattawan gida. A kudancin Ailan dattawan sun daɗe da yin gum. Mutum fiye da 200,000 daga tsibirin suka yi wa Birtaniya yaƙi, ba tare da an taɓa yi musu dokar shiga soja dole ba. Amma ƙasar da suka bari ba ita suka tarar ba. A makon Ista na 1916, daidai lokacin da 'yan kishin ƙasa suka ɗaga tutar tawaye a Dublin, Jamusawa na sako iska mai guba a kan runduna ta 16 ta Ailan a Hulluch, ɗaruruwa suka mutu. Waɗanda suka faɗi a Dublin suka zama gwarzayen sabuwar ƙasa, na Hulluch kuwa aka rasa inda za a ajiye su. A 1922 aka rushe rundunoni 6 da ke ɗaukar kurata a kudu, cikinsu har da Connaught Rangers da Royal Munster Fusiliers da Royal Dublin Fusiliers, aka kai tutocin 5 daga cikinsu fadar Windsor aka rataye. Tsohon soja ya jefa lambarsa cikin akwati ya ja bakinsa.

Wuta ta ƙarasa abin da shiru ya rage. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, ma'adanar takardun Ailan da ke Four Courts ta tashi, ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851 da wasiyyoyi da rijistocin coci da yawa suka zama toka. A Satumba 1940 kuma bom ɗin Jamus ya faɗa wa rumbun ma'aikatar yaƙi a titin Arnside a Landan, kusan kashi 60 cikin 100 na fayil ɗin sojojin yaƙin farko suka ƙone, tare da yawancin takardun da kwamandoji suka rubuta suna neman a ba wane lamba. Abin da aka tsamo yana nan ƙarƙashin lamba WO 363, gefensa a babbake, wani shafin da tabon ruwan 'yan kwana-kwana.

Kundin bataliya ya tsira. Yana ma'adanar takardun Birtaniya da ke Kew, a jerin WO 95, kuma daga 2014 aka sa shafuka kimanin miliyan ɗaya da rabi a intanet. Bari in kwatanta muku shafi guda. Fom ne na soja mai lamba C.2118, an ja masa layuka: wuri, kwanan wata, sa'a, sai babban fili na taƙaitaccen abin da ya faru, sai ɗan siririn gefe na ƙarin bayani. Ajitan ko wani ƙaramin hafsa ke cika shi, sau da yawa da fensir, da takardar kabon a ƙasa, kwamanda ya sa hannu a ƙarshen wata a aika sama. Ba don iyalan kowa aka yi shi ba. An yi shi ne don manya su ga abin da ya gudana su ɗauki darasi, da kuma don masu rubuta tarihin hukuma daga baya.

Saboda haka sabon mai bincike yakan sha mamaki. Ya zo neman kakansa, sai ya tarar da ruwan sama, da gyaran rami, da zuwa wanka, da an karɓi wata bataliya a layin gaba da ƙarfe kaza. Idan hafsa ya ji ko ƙwarzane, ga sunansa cikakke. Idan kurata ne, sai a rubuta haruffa biyu, O.R., wato sauran sojoji, a sa adadi a gaba: kaza sun mutu, kaza sun ji rauni, kaza ba a gan su ba. Mutum na iya yin shekara 3 a bataliya, ya sami lamba, ya mutu, sunansa bai fito ko sau ɗaya ba. Abin da kundi ke bayarwa shi ne rana da wuri da halin da ake ciki, kuma wanda ya iya aiki da waɗannan ya sami abu babba.

Ga yadda ake yi. Da farko a tabbatar da mutumin, kuma wannan ba wasa ba ne a ƙasar da Patrick Murphy da John Kelly suka cika kowace bataliya. Kafin 1920 kowace runduna da nata jerin lambobi, don haka lamba ɗaya na iya hawa kan mutane da yawa. Katin lambobin yabo na WO 372 da ƙidayar 1901 da ta 1911, waɗanda suka tsira kuma suna intanet kyauta, su ke raba gardama. Daga nan a nemo ranar da Gazette ta buga sunan, sai a buɗe kundi a riƙa komawa baya, domin galibi wata 2 ko 3 ke tsakanin aikin da bugawa. Wani lokaci sai ka ci karo da layi guda: kwamandan runduna ya zo fareti ya liƙa wa wane da wane kirtanin lamba saboda harin daren kaza. Ka koma daren, ka tarar da rahoton harin an maƙala shi a bayan kundin watan, da taswira da umarnin aiki. Waɗannan rataye-rataye na baya sun fi shafin gaba daɗin sha'ani, amma su ne mutane suka fi tsallakewa.

Idan bataliya ta yi shiru, a hau sama. Kundin birged yana nan, na runduna yana nan, musamman na ofishin da ke kula da ma'aikata, wanda kan jera sunayen waɗanda aka ba lamba. Ga Distinguished Conduct Medal kuwa, Gazette ta buga bayanin aikin, sai dai a tsakiyar yaƙi aka daina faɗin wuri da rana don kada abokan gaba su ƙaru. Ma'aikatan ofis sun riƙa rubuta su da hannu a gefen nasu kwafin, kuma yana Kew a WO 391. Jaridun gida irin su Cork Examiner da Belfast Telegraph kan cike sauran, don uwa ba ta rasa kai wasiƙar ɗanta wurin edita. Abu ɗaya da za a kiyaye: lambobin da suka fito a jerin sabuwar shekara ko na ranar haihuwar Sarki yawanci na ƙwazon watanni ne, wanda ya nemi rana guda a kansu zai wahala a banza.

Akwai wani abu game da kundin da nake so ku riƙe. Ranar da aka fi gwabzawa ita ce sau da yawa ta fi ƙarancin rubutu, saboda mai rubutun yana cikin waɗanda suka faɗi. Ranar 27 ga Agusta 1914, a Etreux ta Faransa, bataliya ta 2 ta Munster ƙarƙashin Manjo Paul Charrier ta tsaya tare wa sojojin Birtaniya baya suna janyewa daga Mons. Umarnin su ma su janye bai iso ba. Suka yini suna fafatawa da rundunar da ta ninka su, Charrier ya mutu, waɗanda suka rage aka kama su. Cikakken labarin daga bakin fursunoni ya fito. Wanda ke bin sojan Etreux sai ya haɗa da katunan fursunoni na ƙungiyar Red Cross da ke Janeba.

Wannan ya kawo ni ga ra'ayina a kan lambar kanta. Kafin a ba mutum lamba, sai wani ya gani, sai wanda ya gani ya rayu, sai hafsa ya zauna ya rubuta, sai takardar ta haura birged da runduna ba a soke ta ko an rage mata daraja ba. A wancan zamani kuma, in mutum ya mutu a cikin aikin, Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma, ko ambato a rahoton babban kwamanda kaɗai ake iya ba shi. Fada Willie Doyle, limamin Katolika na runduna ta 16, wanda ya mutu a Agusta 1917 yana kula da masu rauni, an nema masa Victoria Cross ba a ba shi ba, har yau ana muhawara a kan dalili. Shi kuwa Michael O'Leary na Irish Guards, wanda ya afka wa shingaye biyu na Jamusawa a Cuinchy ranar 1 ga Fabrairu 1915, ya kashe 8 ya kama 2, ko sati 3 ba a yi ba sunansa ya fito a Gazette, hotonsa ya hau fastocin neman kurata a Ailan. Ba na rage masa komai, a gaban idon jama'a ya yi abin da ya yi. Amma gwamnati na bukatar gwarzo ɗan Katolika daga Cork a wannan shekarar, kuma mai tarihi ba zai rufe ido a kan haka ba.

Ranar 1 ga Yuli 1916, farkon yaƙin Somme, Victoria Cross 9 aka samu, 4 na runduna ta 36 ta Ulster ne, wadda ta yi asarar mutum fiye da 5,000 tsakanin matattu da masu rauni da ɓatattu. Billy McFadzean ya kwanta a kan gurnetin da suka zube daga akwati a cikin rami cike da mutane. Robert Quigg na Bushmills ya fita sau 7 neman hafsansa Harry Macnaghten, kowace fita ya dawo da mai rauni, hafsan kuwa bai same shi ba. Sunayen nan kowane yaro a arewacin Ailan zai iya ganinsu a bango. Sauran dubban suna cikin adadin O.R.

Sai kuma tambayar wane ne ɗan Ailan ɗin. Maurice Dease, wanda ya fara samun Victoria Cross a yaƙin, a gadar Nimy ranar 23 ga Agusta 1914, haifaffen Westmeath ne amma a Royal Fusiliers ta Ingila yake. Bayan 1916 kuma, da kurata suka yi ƙaranci, da Ingilawa aka riƙa cike bataliyoyin Ailan. Shi ya sa littattafan tunawa 8 da aka buga a 1923, masu sunaye sama da 49,000, ba a ɗaukar adadinsu ido rufe. Masana da yawa sun fi karkata ga kimanin 35,000.

Na yi alkawarin za mu ratsa gida. A cikin WO 95 ɗin nan akwai kundayen yaƙin Kamaru da na Gabashin Afirka, inda Nigeria Regiment ta yi yaƙi, kuma na 'yan mazan jiyan Bama na yaƙin duniya na biyu suna WO 172. Fom ɗin iri ɗaya ne, shirun ma iri ɗaya: Bature da sunansa, namu da adadi. Matsalar Patrick Murphy ita ce ta Musa Kano da Garba Sakkwato, tunda sunan gari aka riƙa laƙaba wa kurtu. Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, ya fara soja ne a wurin Jamusawa a Kamaru kafin ya koma wurin Ingilawa ya sami Military Medal a yaƙi na biyu. Ɗalibin da ke neman abin rubuta digiri, ga fili nan.

Misali na ƙarshe shi ne Martin Doyle, mutumin New Ross, samanjan kamfani a bataliya ta 1 ta Munster. Yana da Military Medal tun farkon 1918. Ranar 2 ga Satumba na shekarar, kusa da Riencourt, da hafsoshinsa suka faɗi ya karɓi ragamar kamfanin, ya ceto waɗanda aka yi wa zobe, ya ɗauko hafsa mai rauni, ya kai wa wata tankar yaƙi ɗauki, aka ba shi Victoria Cross. Wanda ya tsaya a Kew zai ɗauka labarin ya ƙare. A 1920 Doyle ya shiga IRA, dakarun neman 'yancin Ailan, yana yaƙar sojojin da suka ba shi lambar, daga baya ya zama sojan sabuwar ƙasar Ailan har zuwa 1937, ya rasu a 1940. Rabin rayuwarsa na biyu sai an nema a Dublin, a ma'adanar takardun soja da ke barikin Cathal Brugha, inda ake ajiye fayilolin fansho na waɗanda suka yi yaƙin neman 'yanci, kuma an sa da yawansu a intanet.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.