Yadda Za Mu Sa Yaro Ya Ji Labarin Nasa Ne
(Laccar da aka gabatar gaban malaman makaranta da iyayen yara a Gure)

 

Ku tuna da yaron da ke zaune gaban kakarsa bayan sallar lisha. Tana cewa "ga ta nan, ga ta nanku", sai ya matso, ba mai ce masa ya yi shiru. Shi ne dai yaron nan da safe a lakwal, mushe ya rubuta guntun labari a allo, an ce a kwafe, a ja layi ƙarƙashin aikatau, ga shi yana hamma. Yaron bai sake ba. Mu ne muka karɓe masa labarin muka mayar da shi abin jarrabawa tun bai ɗanɗana shi ba.

Abubakar Imam ya nuna mana hanya tun 1937 a cikin Magana Jari Ce. Aku ne aka bar wa tsaron Musa ɗan sarki, kuma ba shi da makamin hana shi fita sai labari, kullum ya riƙe shi har gari ya waye. Malamin aji ma haka yake. Na san a yawancin makarantunmu littafi ɗaya ne a hannun malam, aji kuwa cike maƙil, wani lokaci rumfar zana ce. To, littafi ɗayan nan ya isa. Ka karanta da murya, ka ba kowane mutum na cikin labarin muryarsa, kuma daidai inda hankalin yara ya tashi ka rufe littafin. Za su yi ta roƙo. Kada ka buɗe. Ka ce kowane benci ya shirya yadda yake ganin abin zai ƙare, gobe a saurara, sannan a ji na marubucin. Sau da yawa na ji ƙarshen da ƴan aji huɗu suka ƙago ya fi ƙarfin shekarunsu, kuma yaron da ya kare nasa ƙarshen da hujja ya riga ya fara nazarin adabi.

Abin da na fi so shi ne shari'a. A ɗauki Malam Zurƙe na cikin Ruwan Bagaja, ko Gizo kansa, a gurfanar da shi. A naɗa alƙali, a sa mai ƙara da mai kare shi, Ƙoƙi ta zo shaida. Sharaɗi ɗaya ne: ba wanda zai faɗi magana sai ya nuna inda ta faru a labarin. Nan za ka ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta miƙe tana cewa ƙarya ne, ba haka aka yi ba. Mu mutanen Damagaram ba baƙin wannan ba ne, mun ga abin da su Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, suka yi da wasan kwaikwayo.

Gure kuma tana da arzikin da wasu garuruwa ba su da shi. A aji guda akwai ɗan Manga, da Bahaushe, da Bafillace, da ɗan Tubawa, da Buzu. Ka aike su gida ranar Juma'a kowa ya karɓo tatsuniya ɗaya daga bakin tsohuwa. Ranar Litinin ya faɗe ta da harshen da ya ji ta, abokinsa ya mayar da Hausa, a rubuta, masu iya zane su zana, a ɗinke takardun da zare. Ga littafin aji, da sunan kowane yaro da na kakarsa. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a makaranta, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a unguwar Zengu ta Damagaram, saboda haka kada wani malami ya ji kamar laifi yake yi.

Ga ƴan kolej sai a ƙara nauyi. Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya nan gabas da mu, ya fitar da littafin Sarraounia a 1980, a kan yadda Sarauniyar Lugu ta tari sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. Bayan an karanta babi, a ce kowa ya rubuta wasiƙa da bakin wani ɗan dako da aka tilasta wa bin rundunar, yana gaya wa mahaifiyarsa abin da ya gani. Ko a dawo gida: Bature Barth ya sauka nan Gure a ƙarshen 1852, zamanin sarki Muniyoma Koso. Me yaron da ke kiwon awaki a kan tudun rairayi ya gani ranar? Me ya je ya faɗa wa uwarsa? Tarihi bai rubuta wannan ba, ɗalibanmu ne za su rubuta.

Roƙona ga iyaye mata da ke nan shi ne, idan yaro ya zo ranar Juma'a ya ce malam ya aiko shi neman tatsuniya, don Allah a ajiye aiki a ba shi. Ku kuma malamai, ranar Litinin ku fara da tatsuniyar kafin ku ɗauki alli.