TAFIYA MABUƊIN ILMI: 'YA MACE, SILIMA DA HANYA

Jawabin da aka gabatar a wani taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Kinkinau, Kaduna



Muna godiya da wannan dama da aka ba mu. An nemi mu yi magana a kan abubuwa uku, watau tafiya, da silima, da abin da ke ƙarfafa zuciyar 'ya mace mai son ganin duniya. Amma fa maganarmu guda ɗaya ce: tafiyar mace don neman ilmi ko don aiki tsohon gado ne a ƙasar Hausa, mu ne muka bari ya sulale daga hannunmu, kuma muna ɗanɗana hasarar haka a asibitocinmu da makarantunmu.

Bari mu fara da silima, tun da yake ta nan ne akasarinmu muka soma leƙa duniya. A zamanin Turawa motar majigi ce ke bin garuruwa, a kafa farin allo a fili da dare, yara da manya su taru. Sa'an nan aka gina gidajen silima a birane, finafinan Indiya suka kama zukatan mutanen Arewa, musamman Mother India na 1957. Sai dai gidan silima wurin maza ne, macen da aka gani a ciki kuwa sunanta ya ɓaci. Bidiyo ne ya kai fim har cikin ɗaki, kuma daga 1990, lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano, matan aure suka sami finafinai cikin harshensu. Yau kuma kowace yarinya na riƙe da silimarta a tafin hannu.

To, mene ne sakamako? Za a sami ɗaliba a nan Kinkinau wadda ta san dusar ƙanƙarar Kashmir da titunan Landan da dogayen benayen Dubai, amma ba ta taɓa ganin Dutsen Kufena ba, alhali Zariya ba ta wuce kimanin kilomita 80 daga nan ba. Idonta ya yi nisa, ƙafarta na tsakar gida. Bugu da ƙari, mu lura da yadda finafinanmu kan nuna mace da akwati a hannu. Sau da yawa ko dai an sake ta ne, ko ta yi yaji, ko ta gudu birni za ta lalace. Uban da ya shekara yana kallon haka, yaya zai ji ran da 'yarsa ta kawo masa takardar shiga jami'a a wata jiha?

Duk da haka akwai finafinan da suka cancanci a neme su. Na farko shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowa na tuna Umar, yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi har ya zama babban malami. Mu kuwa muna roƙon ku duba mahaifiyarsa. Matar nan ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta sha wuyar hamada, ba ta sadu da shi ba sai a ƙarshen ranta. Fim ɗin ma kansa ya yi tasa tafiyar: ya ɓace shekara da shekaru, aka gano faifansa a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Na biyu shi ne Sarraounia, na Med Hondo, 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Ya ci babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Na uku shi ne Amina, na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021. An yi ta sukarsa a kan harshe da tufafi, kuma sukar na da hujja. Amma kafin mu ɗaga murya, mu tambayi kanmu: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Amina da yaƙe-yaƙenta a cikin Infaƙul Maisuri tun farkon ƙarni na 19, a Kaduna akwai kwaleji mai sunanta, a Jami'ar Ahmadu Bello akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta. Me ya hana mu ba da labarinta da kanmu? Wanda bai ba da labarin gidansu ba, sai ya haƙura da yadda baƙo ya ba da shi.

Fim yakan farkar da sha'awa, amma ba ya koya wa mutum yadda ake kama hanya. Wannan darasi yana cikin tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, tana yarinya ta yi hijira tare da jama'a daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Da ta girma ta ga matan ƙauye sun yi nisa da ilmi, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai mutunci ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar shugabanci. Jajin ce ke jagorantar ayarin mata daga ƙauyensu, a ƙafa, zuwa wurin Asma'u, su koyi karatu ta hanyar waƙoƙin da ta tsara, su koma su koyar da na gida. A nan akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu riƙe: manufa bayyananniya, da ayari, da shugaba sananniya, da komowa gida da abin da aka samo. Asma'u ta rasu a 1864, tsarin kuwa ya daɗe bayanta.

Haka nan kafin jirgin sama, kakanninmu mata sun tafi Makka ta ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu da goyo a baya, tafiyar shekaru. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa, maza da mata, suka ci gaba gabas har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, inda har yau ake jin Hausa da Fillanci.

A ƙarni na 20 ma ba mu rasa misali ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 1933 zuwa 2001, ta bi gari gari tana yi wa mata jawabi a ƙarƙashin NEPU, aka ɗaure ta sau da dama, ba ta daina ba sai da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane wadda ba ta yi boko ba, ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954. Sana'arta ta kai ta Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Tolulope Arotile, haifaffiyar Kaduna, ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a Nijeriya a 2019, kafin ta rasu cikin haɗarin mota a 2020. A 2024 kuma Pelumi Nubi ta tuƙo ƙaramar mota ƙirar Peugeot ita kaɗai daga Landan har Ikko. Ba muna cewa kowa ta yi haka ba ne. Muna nuna cewa hanya ba ta tambayar namiji ne ko mace.

Mun san akwai tambayoyi biyu a zukatan iyayenmu, kuma ba za mu kauce musu ba. Ta farko ita ce ta addini. Maganar muharrami magana ce mai tushe, ba kuwa aikinmu ba ne mu yi fatawa. Abin da muka sani shi ne, malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasarmu, sun yarda mace ta tafi hajjin farilla cikin amintaccen ayari. 'Yar Shehu da kanta ta tsara tafiyar mata cikin ayari don neman ilmi. Saboda haka a je wa malamai da tambaya ta gaskiya, a faɗa musu inda za a, da dalili, da waɗanda za a tafi tare, maimakon a rufe ƙofa tun ba a tambaya ba.

Ta biyu ita ce ta tsaro, kuma mu mutanen Kaduna ba mai ba mu labarinta. A watan Maris na 2021 aka sace ɗalibai, maza da mata, daga kwalejin gandun daji ta Afaka. Ran 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasa mai zuwa Rigasa daga Abuja hari, aka kashe wasu, aka tsare wasu har watan Oktoba. Uwar da ta ji tsoro tana da gaskiya. Amma mu lura, ba a taɓa cewa 'yan maza su daina karatu da fatauci saboda hanya ta ɓaci ba. Akan ce su yi hattara. In tsaro ya zama hujjar tsare mata kaɗai, to, ɓarayin daji sun ci riba biyu.

Ga kuma abin da ke kan sikeli. Mu ne masu cewa ba mu so namiji ya duba matanmu a asibiti. Daidai. To, ina likita mace za ta fito in ba a bar yarinya ta je Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ta yi shekara 6 tana karatu ba? Ina ungozoma za ta fito a ƙauye in kowace ma'aikaciya, da an yi mata canjin wurin aiki, sai a tashi manya su je a soke? Tun 1973 ake aika masu digiri bautar ƙasa a jihohin da ba nasu ba, don ɗan Nijeriya ya san ɗan'uwansa. Duk shekara 'yan matan Kudu na zuwa su koyar a ƙauyukanmu. Mu kuwa tun kafin a fita sansani mun soma neman wanda zai komo da tamu gida. Wadda ta ga Kalaba ko Ibadan da idonta, da wuya a ruɗe ta da ji-ta-ji-ta a kan mutanen can. Gani ya kori ji.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, ƙungiyoyin ɗalibai su riƙa shirya ziyarar mata cikin ayari, da rana, da malama a gaba, da sanin iyaye. A fara da kusa: Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna, da gidan kayan tarihi na titin Ali Akilu. Sa'an nan Kufena da ganuwar Zariya, da Gidan Makama a Kano, da Hasumiyar Gobarau a Katsina, da Hubbaren Shehu a Sakkwato. Sannu ba ta hana zuwa. Na biyu, kowace ta tafi da littafi da alƙalami, ta rubuta abin da ta gani da Hausa, ta aiko wa wannan mujalla. Na uku, a nemo finafinan nan da muka ambata a nuna su a ɗakunan kwanan ɗalibai, a yi muhawara bayan an gama. Na huɗu, ma'aikaciyar da aka aika wani gari ta auna zancen da idon basira kafin ta nemi a soke, mu kuma maza, iyaye da yayye da mazan aure, mu zama masu rakiya zuwa tasha.

'Yan'uwa mata, hanyar da jajin Asma'u ta bi a ƙafa da malfa a ka, yau awa kaɗan ce a mota. Abin da ya rage shi ne niyya ta gari, da shiri, da yardar gida, wadda akan samu ta hanyar ladabi da hujja. Allah ya kiyaye hanyoyinmu, ya kai mu lafiya, ya komo da mu da abin amfani.