Shingen da Ba Ya Ba da Rasidi



Mu da muka tashi a ƙasar Illo, kusa da Kogin Kwara, mun san shingen bincike tun muna ƙanana. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Lolo ko ta Tsamiya zuwa Jamhuriyar Benin ya ga yadda ɗan kwastan yake tsayar da mota, ya sa a kwance kaya, ya bar waɗansu su wuce, ya riƙe waɗansu. Mun kuma ɗanɗana wuyar rufe iyaka da aka yi a watan Agusta na 2019. Amma ko ba komai, wanda aka riƙe wa buhu ya san an riƙe, ya kuma san ofishin da zai nufa. Maganarmu ta yau a kan wani shinge ce wanda yake riƙe kaya, bai faɗa wa mai aikowa ba, bai faɗa wa mai jira ba. Watau rariyar da ke tace wasiƙun imel.

Ga abin da ya sami ɗaya daga cikinmu. Yana gida lokacin hutu, sai wayarsa ta kama layin Benin, kamar yadda takan yi a bakin iyaka. Manhajar da yake rajistar karatu da ita ta ga kamar wani ne daga ƙasar waje yake neman shiga, sai ta kulle asusunsa. Ya rubuta wa sashen taimako na kamfanin da ke kula da manhajar, shiru. Ya sake, shiru. Ranar rufe rajista ta wuce, ya biya kuɗin mota zuwa makaranta, ya biya tarar makara. Sai daga baya wani abokinsa ya buɗe masa akwatin da aka rubuta wa Spam. Ashe tun ranar farko sun amsa, sun aiko masa da mahaɗin sabunta kalmar sirri, wa'adinsa ya ƙare yana kwance a can. Shi yana cewa sun wulaƙanta shi, su kuwa sun rufe kokensa a kan cewa bai amsa ba.

Kada mu yi saurin tsine wa rariyar nan, domin larura ce ta kawo ta. Tun a watan Mayu na 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa ɗaruruwan mutane talla ɗaya a lokaci ɗaya ba su nema ba. Daga nan ƙofa ta buɗe, har tarkacen saƙo ya nemi ya binne wasiƙun kirki. A 2002 Paul Graham ya yaɗa dabarar ƙirga kalmomi: na'ura ta koyi irin kalmomin da suka yawaita a saƙon banza, sa'an nan ta auna kowace sabuwar wasiƙa da su. A yau ana haɗawa da mutuncin adireshin da ya aiko, da mahaɗan da ke ciki, da takardun da aka liƙa, da shaidar cewa lalle daga inda wasiƙar ta ce ta fito, can ta fito.

To, a nan gizo ke saƙar. Me ma'aikacin taimako yake rubutowa? Danna nan ka canja kalmar sirri, aiko da hoton katinka. Haka ɗan damfara ma yake rubutawa, kusan kalma da kalma. Mu kuma yaya muke kai kuka? Da manyan baƙaƙe, da kiran gaggawa, da hotunan rasidi biyar, sa'an nan mu aika wasiƙar nan ɗaya sau shida. Haka mai tallan banza ma yake yi. Saboda haka wasiƙar takan faɗa rariya a tafiya, amsarta ta faɗa a dawowa. Gmail kuwa yana share abin da ya kwana 30 a akwatin Spam, ka ga har shaidar ma takan ɓace.

Akwai kuma wani nauyi da mu 'yan Nijeriya muke ɗauke da shi. Sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka ya zama sunan wasiƙun zamba a duniya, kuma yaƙi da irin wannan zamba na cikin ayyukan hukumar EFCC da aka kafa a 2003. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ɗalibin Bagudo da bai taɓa cutar kowa ba, shi ma ana duban wasiƙarsa da idon zargi.

Ba laifin mai koke kaɗai ba ne. Daga watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsananta ƙa'ida a kan masu aika wasiƙu da yawa, cewa dole su tabbatar da adireshinsu da hatimin lantarki. Ofishin da bai gyara nasa ba, amsoshinsa na iya ƙarewa a shara, alhali ma'aikatansa suna zaton sun sauke nauyi.

Abin da ya rage shi ne gyara. Mu ɗalibai, rajistar JAMB, da ta hidimar ƙasa, da neman lamunin karatu, duk sun rataya a wuyan imel. Wanda ya kai koke, ya riƙa leƙa akwatin Spam safe da yamma. In ya sami amsar a can, ya danna alamar cewa ba ta banza ba ce, ya ajiye adireshin cikin sunayen da ya sani, amma sai ya tabbata shi ne adireshin da ke shafinsu na ainihi. Ya rubuta wasiƙa ɗaya gajera, mai take bayyananne, ya adana lambar kokensa.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sawunku in Allah ya yarda, kada mu rufe fayil don mai koke ya yi shiru. A sa mutum ya riƙa duba abin da rariyar ofis ta riƙe. A tura gajeren saƙon waya cewa an amsa. A bar lambar da za a kira a sami mutum. Mazaunin Birnin Kebbi yana iya taka ƙafa ya je ofis ya tambaya. Mutumin Illo sai ya sayar da abin sayarwa kafin ya hau mota. Hakkinsa yana wuyanmu ko da na'ura ce ta ɓoye wasiƙarsa.

Allah ya sa mu gane, ya ba mu ikon gyarawa.