HARSASHI MAI KITSE: YADDA RAINA ADDININ SOJA YA TUMƁUKE MULKIN KAMFANI A INDIYA

Jawabin da magatakardan jam'iyya ya yi wa 'yan reshen kasuwa a taronsu na mako.



Mun gode muku da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo. Yau an ɗora mana magana a kan addini a cikin soja, domin kuwa da wuya a sami unguwa a garin nan wadda ba ta da ɗa ko ƙane a bariki. Za mu ɗauko labari guda na ƙasar Indiya, wanda ya faru a 1857, mu bi shi daki-daki. Ƙasar ba baƙuwa ba ce gare mu, gama ta nan iyayenmu da kakanninmu suka ratsa zuwa yaƙin Bama, tsakanin 1943 da 1945.

Ku fara sanin cewa a zamanin nan wani kamfanin ciniki ne ke mulkin Indiya, watau Kamfanin Indiya ta Gabas, wanda Sarauniyar Ingila ta ba takardar izini a 1600. Sayen yaji da tufafi ya kai shi. Sannu-sannu ya ɗebi masu gadin kaya, masu gadi suka zama runduna, har a 1757 ya ci Sarkin Bengal da yaƙi, ya shiga karɓar haraji. Ya zuwa 1857 yana da runduna uku, ta Bengal da ta Madaras da ta Bombai. Sojan ƙasa sun fi 200,000, Turawa kuwa ba su kai 50,000 ba. Kun ga ashe da ɗan ƙasa ake riƙe da ɗan ƙasa. Kurtu yana karɓar rufi 7 a wata, kuma ko ya yi furfura a bakin aiki, ko wane girma ya samu, yaron Bature da ya sauko daga jirgi jiya yana gaba da shi.

Sojan rundunar Bengal yawancinsu mabiya addinin Hindu ne, 'ya'yan manyan gidaje daga ƙasar Awad da Bihar, sojan doki kuwa Musulmi suka fi yawa. Wajen Hindu saniya abar girmamawa ce, wanda ya sa kitsenta a baki ya fita daga darajar gidansu, dangi ba su ƙara cin abinci da shi, ba su ba shi aure. Wajen Musulmi kuwa ba sai mun gaya muku matsayin alade ba.

Tun a 1806 aka yi wa Kamfani gargaɗi. A shekarar nan manyan rundunar Madaras suka kafa doka cewa soja ya aske gemu, kada ya zo fareti da alamar addini a goshi ko 'yan kunne, kuma ya ajiye rawaninsa ya sa wata sabuwar hula mai adon fata. Sojan da suka yi magana aka yi musu bulala aka kore su. Ran 10 ga Yuli, kafin gari ya waye, sojan barikin Belor suka tashi, suka kashe Turawa fiye da 100, aka kawo ɗauki aka kashe ɗaruruwansu. Daga baya aka soke dokar, aka kira Gwamnan Madaras da babban kwamanda gida. An yi ihu bayan hari, sa'an nan aka manta.

Cikin shekara hamsin da suka biyo, abubuwa suka yi ta taruwa. A 1813 aka buɗe wa mishan ƙofar ƙasar. A 1850 aka yi doka cewa wanda ya bar addininsa ba zai rasa gado ba, mutane suka ce share hanya ake yi. A 1856 Kamfani ya tuɓe Sarkin Awad ya haɗiye ƙasarsa, ƙasar da sojan nan da yawa suka fito. A shekarar dai aka ce duk sabon kurtu sai ya yarda a kai shi ƙetaren teku, alhali kuwa a wurin babban Hindu ƙetare teku ɓata tsarki ne. A barikin Barakfur kuma akwai wani Kanar Wila, shugaban bataliya ta 34, wanda yake yi wa sojansa wa'azin Kirista a fili. Wa'azi a bakin mai wa'azi ba laifi ba ne, kowa yana iya ji ko ya wuce. Amma in mai wa'azin shi ne ke riƙe da albashinka da girmanka da bulalarka, yaya za ka tashi ka bar wurin? Sai soja suka tsaya a kan cewa Kamfani yana da niyyar raba su da addininsu ko ta halin ƙaƙa.

Ana cikin haka aka kawo sabuwar bindiga mai suna Enfil. Harsashinta da albarushi a ƙunshe suke cikin takarda, an shafe ƙunshin da maiƙo don ya zurma cikin bakin bindiga. In soja zai yi ɗuri sai ya ciji kan takardar da haƙori, ya zuba albarushi, ya tura saura. A watan Janairu 1857, a Dam Dam kusa da Kalkata, an ce wani lebura ya roƙi wani soja ruwa a butarsa, sojan ya hana shi don kada ya ɓata masa buta. Lebura ya ce masa ya daina fankama, ba da daɗewa ba zai ciji kitsen saniya da na alade da bakinsa. Kafin wata ya ƙare magana ta gama barikoki.

To, 'yan kasuwa, ga inda za ku fi kowa ganewa. Da aka bincika, sai aka tarar ɗan kwangila aka ba aikin kawo kitse, ba wanda ya gaya masa irin wanda zai kawo da wanda zai bari. Manyan ma'aikatar makamai da kansu suka kasa rantsewa cewa babu haram a ciki. Gwamnati ta ce to, soja su sayi kakin zuma da mai su shafa da kansu, daga baya kuma ta ce a yage takardar da hannu, a bar cizo. Amma kun san in mai awo ya taɓa tauye maka mudu, ko ya cika ya yi tozo gobe sai ka duba gindin kwanon. Soja suka ce ai takardar ma tana ƙyalli, akwai kitse a jikinta. Aka shiga cewa har garin alkama na kasuwa an gauraya shi da garin ƙashin shanu. Wannan ta gari ƙarya ce, amma ba mai sauran amincin da zai ƙaryata ta a yarda.

A Fabrairu bataliya ta 19 ta ƙi karɓar harsashi, aka wargaza ta. Ran 29 ga Maris wani soja na bataliya ta 34, Mangal Pande, ya fito filin fareti a Barakfur da bindiga da takobi, ya ji wa Turawa biyu rauni, aka rataye shi ran 8 ga Afrilu. Ran 24 ga Afrilu, a Mirat, wani kanar ya tara sojan doki 90 ya ce su karɓi harsashi. Irin na dā ne ma, wanda suka saba da shi, amma 85 suka ƙi, Hindu da Musulmi baki ɗaya. Kotun soja ta ɗaure yawancinsu shekara 10 da aiki mai tsanani. Ran 9 ga Mayu aka tara bariki duka, igwa tana fuskantar sojan ƙasa, aka tuɓe wa mutanen nan kayan sarki, maƙera suka buga musu mari a ƙafa ɗaya bayan ɗaya, 'yan'uwansu suna kallo. A cikinsu akwai waɗanda suka yi wa Kamfani yaƙi shekara da shekaru.

Kashegari Lahadi, 10 ga Mayu, tura ta kai bango. Soja suka fasa kurkuku, suka kashe hafsoshi da iyalansu da suka samu, suka kwana suna tafiya mil 40 zuwa Delhi. Da safe suka tsaya ƙarƙashin fadar Bahadur Shah, tsohon sarki na zuriyar Mugal wanda ya haura shekara 80, ba shi da sauran iko sai suna, suka ce shi ne sarkinsu. Ku lura, Hindu ne mafi yawan masu wannan mubaya'a, sarkin kuwa Musulmi. Da Babbar Salla ta zo a farkon Agusta, sarkin ya hana yanka saniya a birnin, aka yi layya da tumaki da awaki, don kada a ɓata wa maƙwabci rai.

Ba za mu ɓoye muku munin abin da ya biyo ba. A Kanfur, a watan Yuli, masu tawaye suka kashe mata da yara na Turawa wajen 200 waɗanda ke tsare a hannunsu. Ba addinin da ya yarda da wannan. Turawa kuwa da suka sami hannu suka yi ramuwar gayya: suka ƙone ƙauyuka, suka rataye mutane a itatuwa ba shari'a, suka ɗaure waɗansu a bakin igwa suka harba. Har akwai waɗanda aka ɗura wa naman saniya ko na alade kafin a kashe su, watau abin da aka rantse ba a nufa ba, shi aka aikata da gangan. Delhi ta faɗi a Satumba 1857, aka harbe 'ya'yan sarki biyu da jikansa, shi kuma aka kai shi Rangun ta ƙasar Bama, can ya rasu a 1862. Talakan da ba ya riƙe da bindiga, manomi da masaƙi da mai rumfa, shi ya fi kowa shan wuya. Kuma da sojan ƙasa aka murƙushe tawayen, Sik da Musulmin Fanjab da Gurka, rundunar Madaras da ta Bombai kuwa yawancinsu ba su motsa ba.

Kamfani ya ci yaƙi amma ya rasa ƙasa. A 1858 Majalisar Ingila ta karɓe mulki daga hannunsa. Ran 1 ga Nuwamba aka karanta shelar Sarauniya Biktoriya, inda ta yi alkawari ba za a tilasta wa kowa addini ba, ta hana ma'aikatanta sa hannu cikin ibadar mutane, ta kuma tabbatar wa sarakuna gadajensu. Abin da da an yi shi a Janairu 1857 da baki kawai, sai da aka zubar da jinin dubban mutane aka yi shi. A cikin soja kuwa darasin da suka ɗauka dabam ne: suka ƙara yawan Turawa, suka riƙe igwa a hannunsu, suka riƙa jera soja kabila-kabila da addini-addini, don in wannan ya tashi a danne shi da wancan.

Wani alƙali Musulmi, Sayyid Ahmad Khan, wanda ya yi wa Kamfani aiki har ya ceci rayukan Turawa a lokacin tawayen, ya rubuta littafi a kan dalilan abin. Babban dalilin da ya kawo shi ne babu ɗan ƙasa ko ɗaya a majalisar da ke yi wa ƙasar doka. Saboda haka mai mulki bai san abin da ke zuciyar jama'a ba, jama'a kuma ba su da hanyar sanin nufin mai mulki, kowace doka ta fito sai a yi mata mummunar fassara. Da akwai mutum guda mai bakin magana a wurin da aka ba da kwangilar kitsen nan, da kalma ɗaya ta isa.

Labarin nan ya taɓo mu ta wata hanya. Gwamna Lugga a Madaras aka haife shi, a Janairu 1858, ana tsakiyar yaƙin, ubansa kuwa limamin Kirista ne na soja. Mu ma kamfani ne ya fara shigo mana, Kamfanin Neja, Gwamnatin Ingila ta karɓe daga hannunsa a 1900. Da Lugga ya tsaya a Sakkwato a Maris 1903, ya yi alkawari ba zai taɓa addini ba, ya bar sarakuna bisa gadajensu su yi mulki a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya san shelar 1858 ya san inda aka koyo wannan karatu.

To, me za mu ɗauka mu kai gida? Na farko, yaron da ya shiga soja ya sayar wa ƙasa ƙarfinsa, har ransa in ta kama, amma bai sayar da imaninsa ba. Abincinsa da lokacin ibadarsa da yadda za a binne shi in ya faɗi, hakki ne a tambaye shi tun kafin a kafa doka, Musulmi ne ko Kirista ko waninsu. Na biyu, hafsa ya yi addininsa iyakar iyawarsa, amma kada ya haɗa shi da igiyar da ke kafaɗarsa. Ranar da kurtu ya fara zaton girma yana bin masallacin da mutum ke zuwa ko cocin da yake zuwa, ranar nan bango ya tsage, ƙadangare kuwa ba ya rasa wurin shiga. Na uku namu ne, mu na kasuwa. Maganar kitse tana da tushe, maganar gari ba ta da shi, amma baki ɗaya ya ɗauke su, kuma kasuwa ce ta yi musu dako. In wani ya zo rumfarka ya ce an yi wa addininku kaza a bariki, tambaye shi wane bariki, wace rana, wa ya gani da idonsa. In gaskiya ce, mu rubuta, mu sa hannu, mu kai inda ya kamata da rana tsaka, mu tsaya a kai har a gyara, ko da wanda aka zalunta ba addininmu ɗaya ba. In kuwa ya kasa amsawa, ka ce ya sayi abin da ya zo saye ya ba na baya wuri.

Mun ga lokacin salla ya gabato, masu nisa kuma suna da hanya a gabansu. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, Shugaba zai ba shi dama. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da ke bariki, ya ba mu shugabanni masu tambaya kafin su zartar, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.